Bayan Takarda Nasu, Gabanta Nawa

Zuwa gare ka maigidana, inuwata da tsakar rana, ruwan sanyin maƙoshina, mai yatsu kullum cikin fenti.

Wata biyu ke nan da aka fita da kai zuwa kabari, amma har yau in na zuba abinci sai na ɗauko cokali biyu. Burushinka suna nan cikin gwangwani, sun bushe ƙandas. In wanke wa wa?

Ka tuna zanen farko da ka kawo mini daga ofis? Manajanku ka mayar zalɓe, ya ɗaura naktaye, yana tsaye da ƙafa ɗaya a kan teburin taro, ma'aikata kuma kifaye ne suna gyaɗa masa kai. Na yi dariya har girkina ya ƙone! Sai ga akawu mai jan carbin taurari, sai injin kwafi yana aman tattabaru, sai lif ɗin hawa bene da ya wuce rufi ya nufi sama da mai shara ita kaɗai, tana addu'a. A ƙasan kowanne ka rubuta baitin waƙa. Ni da karatuna bai yi nisa ba, kai ka koya mini haɗa su, yatsanka a kan nawa.

Masoyina, mutanen kamfaninku suna so su kwashe su.

Shekara goma sha tara kana masinja, kana zane a bayan takardun da suka zubar a kwando. Ƙaninka ya sa hotunan a waya, labari ya kai kamfani. Ranar Litinin lauyansu ya zo, ko zama bai yi ba. Wai bayan takardun akwai sirrin kamfani, ranar da ya sa kuwa gobe ce, ƙarfe goma na safe za su zo da mota su kai duka zanenka sittin da biyun injin yayyanka takarda. Sakatariya ta kira ni a ɓoye, ta ce babu wani sirri, oga ne ya gane dogon wuyansa. Ƙaninka kuwa cewa ya yi matar yaya ki ba su, takarda ce fa, kada su kai ki kotu. Takarda! Wannan numfashinka ne da ya rage mini a ɗaki. Ina suke lokacin da take cikin shara?

 Tun Litinin, mota ta tsaya a waje sai in miƙe.

Ka yafe mini abin da na yi. Fararen rigunanka uku na yanka, na manna su da gam a bayan kowane zane, na danne da dutsen guga. Sirrinsu ya rufu, ba mai ƙara karanta shi. Guda ɗaya na kasa rufewa: wanda ka zana ni ina shanya gajimare a igiya. A bayansa, tsakiyar lambobinsu, akwai shatin babban yatsanka da shuɗin fenti. Shi na ninke cikin rigata, a kan ƙirjina.

Gobe zan zauna a kan akwatin da na zuba sauran a ciki. Zan ce musu bayan takarda naku ne, gabanta nawa, wanda ya iya raba su ya ɗauki nasa. Ba zan tashi ba.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu.

Taka har a binne ni,
mai shanya gajimarenka.