Kantar Littattafai Mai Hawa Shida

Talata, bayan sallar isha'i.

Tun la'asar nake fama da jadawalin darussan zangon farko na karatun likita, har yanzu ya ƙi zama. Kemistiri ƙarfe bakwai na safe, sau uku a mako. Ke nan ina idar da sallar asuba sai rububin motar haya ta trotro a tashar Kejetia. Na so in ɗage fiziks zuwa zango na biyu, amma malamin da ke ba mu shawara ya ce dole ne yanzu. A lakcar farko yau na cika shafi huɗu, ban gane ko rabin ɗaya ba. Wadda ke gefena kuwa sai gyaɗa kai take yi, har haushi ta ba ni.

Ina cikin haka Baba ya dawo daga shagonsa na kafinta da ke unguwar Anloga da kantar littattafai. Da hannunsa ya yi ta, hawa shida. Ya jingina ta da bangon ɗakina yana haki.

"Kowace shekara da hawanta, Dokta," in ji shi. "Na saman na ƙara masa ƙarfi, an ce littattafan ƙarshe sun fi nauyi."

Na buɗe baki in ce masa ina tsoron ko wannan zangon ba zan tsallake ba. Sai na ga garin katako a gemunsa. Na ce, "Allah ya saka da alheri, Baba."

Littafin rubutu ɗaya tak na ɗora a hawan ƙasa. Na juya wa sauran biyar ɗin baya nake wannan rubutu, amma ƙamshin sabon katako ya cika ɗakin.