Kada Ya Ɗaura Kwaɗon Nan

Baban yara,

Na fita kana barci. Abokin nan naka mai gyaran ƙofa ya zo da kwaɗo biyu na ɗakin da muke ba baƙi haya, ɗaya na lamba, ɗaya na dangwala yatsa. Sai cusa mini na yatsan yake yi. Kafin in ce uffan ya dangwala nasa, wai gwaji. Na ce to goge shi. Ya kwashe da dariya, wai "Haba Hajiya, ai yatsan farko ba ya goguwa, shi ne uban sauran." Yana tattara kayansa kuma yake tambayata ko baƙuwar gobe ita kaɗai ce.

Ita kaɗai ce, da jaririyarta. Ban gaya masa ba.

Na tafi wani shagon in sayo na lamba, wanda mu da kanmu za mu riƙa canja lambarsa bayan kowane baƙo. Kwaɗon yatsan da ya bari na cikin kwalinsa a bayan ƙofa. In ya dawo ka miƙa masa, kada ya ɗaura komai.

Don Allah kada ka ce mini tare kuka taso. Ba kai za ka kwana a ɗakin ba.

Maman yara