Ka Daɗe a Sikka, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Adamu mai sharar sikkar turmai, a duk inda Allah ya ajiye shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, ɗanka ne Isiyaku yake gaishe ka daga Makka, gaisuwa ta durƙuso har ƙasa. Ni da Inna da ƙanwata Hauwa muna nan lafiya a unguwar Zahir. Ban san inda zan aika da takardar nan ba, shi ya sa na bar ta a buɗe. Duk wanda ta faɗa hannunsa ya karanta, ko Allah zai sa a cikinsu akwai wanda ya taɓa ganinka.

Abin da ya sa na rubuto shi ne in gaya maka da kaina: bana na yi maka Hajji. Ka fi ni sanin cewa ba a yi wa mutumin da ake sa ran zai zo da ƙafarsa. To ka ga hukuncin da muka yanke a kanka ke nan. Bari in ba ka labarin yadda aka yi, kada ka ji a bakin wani ka ce mun gaji da jiranka.

Da sikka zan fara, don a kanta na san ka. Ina nufin ƙarafan nan biyu da aka shimfiɗa a tsakiyar titin Umdurman, can Sudan, waɗanda turmai, jirgin lantarkin nan mai ƙararrawa, yake bi ya haye gada zuwa Hartum. In na yi kuskure na ce layin dogo, sai ka ɗaga mini yatsa. "Dogo na jirgin ƙasa ne, yana can bayan gari yana taƙama. Wannan sikka ce, da jakuna take wuni."

Aikinka shi ne ka bi ta a sunkuye, da ƙugiyar ƙarfe da tsintsiya da gwangwanin baƙin mai, kana ƙwaƙule yashi da tsakuwa daga kwarmin ƙarfen. Ba ka zubar da tsakuwar a titi, wai kofaton jaki zai mayar da ita inda ta fito. A aljihu kake zubawa. Kullum Inna tana ɗinkin aljihu tana faɗa, kai kuwa kana dariya. "Ki bar ni, ta jifan Shaiɗan nake tarawa. Ranar da na isa Mina sai ya gane kurensa."

Har gida ka shigo mana da kalmar. In Inna ta tsaga wa Hauwa kitso, sai ka leƙo ka ce sikkar nan ta karkace, turmai zai faɗi. Haka kawai don ka tsokane ta. Mutumin da ka yarda da shi kuwa, ba ka ce masa mai gaskiya, sai dai ka ce wane a kan sikka yake. Mutum uku ko huɗu kawai na ji ka faɗa wa haka.

Ranar da ka sa mu a jirgin ƙasa mai zuwa Bur Sudan, bakin teku, guzuri bai isa ya ƙetarar da mu duka ba. Ka miƙa wa Inna haraminka, fararen ƙyallaye biyun da ka saya tun ban yi wayo ba, ka ce ta riƙe maka. "Ku yi gaba, ina bayanku. Turmai ma ba ya kwashe mutane a sawu ɗaya." Na yi ta leƙenka ta taga har ka ƙanƙance. Ban yi kuka ba, don na yarda da maganarka.

Baba, Makka babu turmai. Na yi ta dubawa da muka iso, har ana yi mini dariya. Amma kalmar tana nan, sai dai ta sauya aiki. A nan kowane lungu sikka ne, ko da akuya biyu ba za su iya giftawa ba. Hauwa, wadda ka sani a goye, yanzu Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. In Inna ta ƙwala mata kira sai ka ji ta daga waje, "Ana fis-sikka, ya Inna!" Wato tana cikin lungu. Da na ba ta labarin jirgin da ke tafiya a tsakiyar kasuwa yana kaɗa ƙararrawa, ce mini ta yi tatsuniya ce. Ba ta tuna fuskarka. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Ni ma ban tsira daga gadonka ba. Keken tsofaffi nake turawa tsakanin Safa da Marwa, in je in dawo, in je in dawo, ba kwana ba ratse. Da cunkoso ya tare ni, abin da muke faɗa ke nan mu masu keke: "Sikka, ya hajji, sikka!" Wato a ba da hanya. Sau nawa na faɗe ta a wuni, Allah kaɗai ya sani, kuma har yau ban faɗe ta ba tare da ka faɗo mini a rai ba. Duk tsohon da ya zauna a kekena, hannunsa nake fara kallo, ko zan ga baƙin mai a ƙarƙashin farce.

Shekarun farko saƙonka bai yanke ba. Duk lokacin Hajji sai wani ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da ƙullin busasshiyar kuɓewa, ya ce kana gaisuwa, baɗi in sha Allahu. Sai wata shekara babu ƙulli. Ta biyun ma haka.

Malam Garba, maƙwabcinmu na Umdurman, shi ya zo da ƙarshen abin da muka sani. Ya ce an tsayar da turmai, motocin haya sun karɓe titi, ƙarafan ma wasu an tumɓuke, wasu an binne su da kwalta. Ya ce kwana da kwanaki kana fita da ƙugiyarka kana sharar abin da babu mai binsa. Daga baya ka yi wa maƙwabta sallama, ka ce tunda ƙaramar sikka ta mutu, za ka bi babbar, ta jirgin ƙasa, a ƙasa, kana aiki kana gaba har bakin teku. An gan ka a garin Atbara, a kan hanyar. Daga nan babu wanda ya ƙara cewa ya gan ka.

Na yi fushi da kai, Baba, ba zan ɓoye ba. Mutum mai furfura, ka kama hanyar da ko raƙumi sai da shiri? Me ya hana ka jira ayari? Sai kuma in tuna halinka. In ka ga ƙarfe biyu sun miƙe, ba ka san wani abu tsoro ba.

Na yi ta sauka Jidda ina tare jiragen ruwa, ina tambayar duk mai kama da namu. Yanzu kuma alhazanmu ta sama suke zuwa. Su tashi Kano, kafin tuwo ya huce a cikinsu sun sauka. In ka tambaye su Atbara sai su zaci sunan mutum ne. Masu biyo hanyar Sudan suna ta raguwa, waɗanda zan tambaya suna ƙarewa.

Da na je wa wani malami a Masallacin Harami da maganar yi maka Hajji, ya ce tunda na sauke nawa ya halatta, amma ga wanda ya rasu ko wanda aka fid da ran zai iya zuwa. Na dawo na gaya wa Inna. Tana suyar gyaɗar da take sayarwa a bakin sikkarmu, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni ban yi takaba ba, kai za ka yi masa Hajji? Khalas, zance ya ƙare, kada in ƙara ji." Kowace shekara sai ta fito da haraminka ta wanke, ta shanya, ta ninke, ta mayar akwati. Shekaru muka yi a haka, ba wanda ya ƙara tayar da zancen.

Bana, ana jibi fita Mina, ta wanke shi kamar kullum. Da ta zo ninkewa sai ta ga bakin ninkin ya fara cinyewa. Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta ɗora mini shi a cinya. "Mutumin nan ya daɗe a sikka. Je ka shigo da shi."

Na ɗaura haraminka. Ya yi mini gajarta kaɗan, ashe na fi ka tsawo ban sani ba. Wajen niyya dole in ambaci wanda nake yi wa, sai ga ni ina kiran sunanka gatsau, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Inna ta rufe fuska da mayafi.

A Muzdalifa, bayan sallar asuba, gari ya fara haske, mutane duk sun duƙa suna tsintar tsakuwar jifa. Na duba dama da hagu, jama'a ba iyaka, kowa a sunkuye yana yin aikinka. Nan ne kukan da ban yi a tashar jirgi ba ya same ni. Na tsinta na cika hannu, na kai hannu gefe zan zuba, sai na tuna harami ba shi da aljihu. Da ka sha wahala, Baba. Inna, da muka fito tare, ita ce ta karɓa, ita da ta yi shekaru tana yi maka faɗan tsakuwa. Ta zaɓe, ta yar da manyan, ta ƙulle sauran a gefen haraminka da hannunta.

Na yi maka jifan. Na sa ƙarfi, kamar yadda na san za ka sa.

Da muka dawo Zahir, Inna ta sauke kaskon gyaɗa, ta cire 'yan kunnenta, ta shiga takaba. Tana ciki yanzu da nake rubutun nan. Maƙwabta suna shigowa suna yi mana gaisuwa, ni kuma ina amsawa, ban san ranar da zan ce musu ka rasu ba, ban san wurin ba.

In mun yi gaggawa, ka yafe mana. In kana raye a wani ƙauye a gefen dogo, ƙafa ta gaza, ka aiko ko da baki ne, zan zo in ɗauke ka. Kekena yana nan. Zan zaunar da kai in tura ka daga Safa zuwa Marwa, in yi ta ihun sikka har muryata ta dushe, kowa ya matsa ya ba ka hanya.

In kuwa ka riga mu, to Allah ya karɓi wannan Hajji ya rubuta maka shi cikakke. Allah ya sa tafiyar da ka yi a ƙasa ta zama kaffara, ya sa inda ka faɗi akwai wanda ya rufa maka asiri ya fuskantar da kai alƙibla. Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu a inda ba a cewa wani ya yi gaba wani ya biyo baya. Amin.

Haramin na wanke na ninke. Tsakuwa ɗaya ta rage a ƙullin, ban kwance ba.

Ɗanka mai kewarka,
Isiyaku mai keke,
Zahir, Makka.