Soket Ukun da Goggo Ba Ta Kashewa

Ali Kazaure, Jos
18 ga Agusta

Zuwa ga Yaya Usumanu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Maijidda da yara, Ya ƙara maka buɗi a wurin aiki, Ya tsare ku daga zafin Fatakwal da sauronta. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta zauna sosai a bana, kusan kullum sai an yi ruwa da yamma, sanyi kuwa har rigar sanyi muke kwana da ita. 'Yata Ummi ta gama jarrabawa tana gida tana cinye mana abinci, maigidana Nura yana nan yana fama da hanya, hawan jinin Baba kuma ya kwanta tun da aka sauya masa magani.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne in na kira ka ba na kai aya, kafin in gama jimla ka riga ka yanke hukunci, halinka ne tun muna yara. Ita takarda ba a katse ta. Maganar Baba ce. Ba ka manta ba, watan Afrilu da ya faɗi a bayi ya kwanta tun bayan azahar har la'asar ba wanda ya ji shi, saboda Goggo Aisatu tana kicin kuma kunnenta ya yi nauyi, ka rantse cewa in haka ta sake faruwa za ka zo da kanka ka ɗauke shi ya koma wurinka. Ban ga laifinka ba a lokacin, ni ma kwana na yi ina kuka. Amma ka san Baba, tun daga ranar ya rage cin abinci, ko ƙarar mota ya ji a ƙofar gida sai ya tambaya ko kai ne.

Kwalin na'urorin da ka aiko bayan sallah ya iso lafiya, Allah Ya saka da alheri. Sai dai ban gaya maka gaskiyar abin da ya biyo baya ba, na riƙa ce maka ana kai. Nura ya yi kwana uku yana haɗawa, gumi har gwiwa a wannan sanyin. Duk kayan da waifai suke aiki, rauta kuwa, wato na'urar da ke raba waifai ɗin, tana falo, kuma ka san bangon gidan nan da kakanmu ya gina da dutse tun zamanin haƙar kuza, kaurinsa ya kai kamu guda. Waifai ɗin ko tsakar gida ba ya tsallakewa. Madannin da Baba zai rataya a wuya ya danna in ya faɗi, sai ka tsaya dab da rauta yake aiki, har Baba ya ce to zai yi ƙoƙari ya riƙa faɗuwa a falo. Batir ɗinsa bai yi mako biyu ba ya mutu, in an ɗauke wuta kuma komai ya tsaya cak. Kyamarar da ka ce a sa a ɗakinsa kuwa, ranar farko ya kifa mata hularsa, ya ce shi ba ɗan kurkuku ba ne.

Ana cikin haka na haɗu da Fibi a kasuwa. Ka tuna Mama Klaudiya ta Kabong, wadda take kawo wa Baba ɗinkin kayan mawaƙan cocinsu duk ƙarshen shekara? To 'yarta ce, wadda take zama a kan buhun ƙyallaye tana cin gyaɗa. Yanzu ta zama babbar mace, aikin sola da haɗa intanet take yi a gidaje da ofisoshi, da ma'aikatanta. Da na ba ta labari ta ce ai Baba babanta ne, washegari sai ga ta. Yaya, na ga masu aiki, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ranar farko ko jakarta ba ta buɗe ba. Ta durƙusa ta gaida Baba, ta zauna tana tambayarsa yadda yake wuni: inda yake alwala, inda yake shan hantsi, ta wace ƙofa yake fita masallaci. Sannan ta zagaye gidan da wayarta a hannu tana auna ƙarfin waifai lungu lungu, tana ƙwanƙwasa bango. Nura ya so ya nuna mata inda matsalar take, ta ce ya bari tukuna, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mai ɗakin nan Baba ne.

Bayan nan ta yi mana bayani, har ni da ban san komai ba na gane. Ta ce kayanka ba su da aibi, an dai ɗora wa waifai aikin da ba nasa ba ne. Shi waifai na ɗaukar kaya mai nauyi ne kamar hoto da bidiyo, amma yana shan batir, kuma kowace na'ura dole ta yi magana da rauta kai tsaye. Bulutut kuma na kusa ne, bai wuce ɗaki guda ba. Akwai wani kuma da ake kira Zigbi, wanda saƙonsa ɗan ƙarami ne, batir ɗinsa yana daɗewa, kuma na'urorinsa da ke jone da wuta suna miƙa wa juna saƙo, kamar yadda magina ke miƙa bulo hannu zuwa hannu. Ba sai ya ratsa bangon dutse ba, zagaye shi yake yi. Saboda haka ta raba musu aiki. Kyamara ta koma ƙofar gida a kan waifai, Baba ya samu hularsa. Na'urar awon jini ta bar ta da bulutut tana aika wa wayata in na zo. Madannin wuya da ƙararrawa kuwa ta sauya su da na Zigbi, ta sa ƙararrawar a kicin, mai ƙara da fitila mai walƙiya saboda kunnen Goggo.

Ta kafa wasu ƙananan soket guda uku masu miƙa saƙon, ɗaya a baranda, ɗaya a ƙofar ɗakin Baba, ɗaya a lungun bayi, duka a kan layin inbata don kada ɗauke wuta ya shafe su. Akwai ɗan akwatin da ke shugabantarsu, mai batir ɗin kansa kamar ƙararrawar, ta ƙi ajiye shi kusa da rauta, ta ce in sun matsu da juna suna danne wa juna murya, har ta sauya masa tasha kamar ta rediyo saboda waifai ɗin maƙwabta ya cika unguwar. Abin da ta fi nanatawa shi ne, in Baba ya danna, ƙararrawar kicin za ta yi kuka ko da data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, domin ba sai saƙon ya fita daga gida ba, in kuma da sabis zai shigo wayata. Muka gwada daga kowane lungu, har daga cikin bayi da ƙofa a rufe, ta yi kuka. Ranar na yi barci har da munshari.

Sai kuma abin ya fara ba mu kunya. Duk ranar da aka yi ruwa, wayar Fibi sai ta nuna mata cewa madannin Baba ya ɓace na awa ɗaya ko biyu. Ta zo sau uku bayan ruwa ya ɗauke, ta tarar komai na aiki lafiya lau. Nura ya ce ruwan ne ke jiƙa iska, ni kuwa na fara cewa a raina ko aljanun gidan ne ba sa son baƙi. Da wata ce, da ta ce ai ta gama aikinta. Ita kuwa rana ta huɗu tana ganin hadari ya haɗo ta bar abin da take yi a Kabong ta hau keke-napep ta zo, ta zauna a baranda tana taya Goggo feraye dankali. Tsawa ta farko na faɗuwa, Goggo ta ajiye wuƙa ta miƙe, ta bi gidan ɗaki ɗaki tana kashe soket tana zare filogi, har da ukun nan. Ruwa na tsayawa ta mayar da kowanne inda yake.

Yaya, mu duka mun san wannan ɗabi'a, ba wanda ya kawo ta a ransa. Tun shekarar da tsawa ta ƙone mana talabijin da firij lokacin Inna tana da rai, Goggo ba ta sake barin filogi a bango ana ruwa ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma ma gudu yake. Kuma lokacin ruwa shi ne lokacin da simintin tsakar gida ya fi santsi. Da Fibi ta gaya min, raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi wa Goggo faɗa, Allah Ya yafe min, matar da ta goya ni. Fibi ta yi min ido na yi shiru. Ta juya ta ce wa Goggo abin da take yi daidai ne, tsawar Jos ba abin wasa ba ce, kuskuren nata ne da ba ta tambaya ba tun farko. Ta kawo mai gyaran wuta ya sabunta wayar da ke saukar da wuta ƙasa, ya sa abin kare tsawa a layin inbata, ta kama hannun Goggo ta nuna mata. Ba ta yi mata ƙarya ba, ta ce in tsawa ta sauka a kan gidan kai tsaye ba abin da zai hana soket ɗin ƙonewa, amma gara su ƙone a sayi wasu da a ce yayanta ya kira ba a ji ba. Goggo ta ce ta ji.

Don kada hannu ya yi abin da ya saba, Fibi ta roƙi Baba jan ƙyalle. Sai ga Baba ya sa an buɗe masa keken ɗinkinsa da ya shekara biyu a rufe, ya yanka guda uku ya kalmashe bakinsu tsaf, aka ɗaura wa kowace soket ɗaya. Yanzu in hadari ya taso Goggo tana kashe komai kamar da, ta tsallake masu jan ƙyalle. Kuma Goggon ce Fibi ta naɗa mai kula da kayan gaba ɗaya. Duk Juma'a kafin Baba ya tafi masallaci, Goggo ce ke sa shi ya danna daga bayi da ɗaki da zaure, ita tana kicin tana jira. Farkon kowane wata ni ke duba batir, domin Fibi ta ce sanyin garin nan yana cinye shi da wuri. Ta sauya lambar sirrin waifai, ta hana Ummi raba wa ƙawayenta, ta kuma ce in waya ta nemi a sabunta wani abu kada mu taɓa sai ranar da take kusa. Ka ga Goggo yanzu, ko Nura bai isa ya jona cajarsa kusa da jan ƙyalle ba.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Talatar da ta wuce Baba ya sake faɗuwa. Ka daure ka karanta har ƙarshe. An yi ruwa da ƙanƙara, an ɗauke wuta, sabis ma ya ɗauke. Ya fito zai yi alwalar la'asar, santsi ya kwashe shi a lungun bayi. Ya danna. Goggo ta ce fitilar ta fara gani kafin ta ji ƙarar, ta fito a guje ko takalmi babu, da ta ga ba za ta iya ɗaga shi ba ta leƙa ta katanga ta ƙwala wa maƙwabcinmu Malam Isa kira. Kafin ruwa ya gama jiƙa masa riga yana kan gadonsa an lulluɓe shi. Saƙon bai shigo wayata ba sai bayan awa guda da sabis ya dawo, na iso na tarar da shi yana shan shayi yana yi wa Goggo tsiya wai ashe tana iya gudu. Mun kai shi asibiti an yi hoto, ba karaya, sai ƙujewa a gwiwar hannu da tsamin jiki. Fibi ta zo washegari da tabarmar roba ta shimfiɗa a lungun, Nura kuma ya kafa ƙarfen dafawa a bango.

Ina jin tsoro, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Tsorona kada ka karanta kalmar faɗuwa ka tsaya a nan. Abin da ka rantse a kai shi ne in ya faɗi ba a ji shi ba, wannan karon kuwa an ji shi. Ba na ce ba zai sake faɗuwa ba, tsufa ba ya jin roƙo, a Fatakwal ma akwai ƙasa. Amma a nan yana da sahunsa a masallaci, yana da tsofaffin da ke zuwa zaure su yi ta musu a kan abin da ya wuce shekara hamsin, kuma duk Juma'a yana zuwa ya yi wa Inna addu'a a makwancinta. A asibiti ya riƙe hannuna ya ce kada in gaya maka. Da safe ya kira ni da kansa ya ce ya sake tunani, bai taɓa yi maka ƙarya ba, ba zai fara da furfura ba. Ya ce in rubuta maka cewa ya faɗi, kuma a gidansa aka ɗaga shi. In ka zo, ka zo ka gaishe shi, kada ka zo da akwatin kwashe kaya.

Ka gaida Anti Maijidda da kyau, ka ce ina nan ina jiran man jan da ta yi min alkawari. Ka shafa min kan Ashraf da Safara'u, Allah Ya raya su Ya yi musu albarka. Goggo tana gaishe ku, Nura da Ummi ma haka, Malam Isa ya ce a miƙa gaisuwarsa. In ka samu sarari ka kira Fibi ka yi mata godiya da bakinka, ka kuma gaida Mama Klaudiya, ta haifi 'ya. Baba bai ce in gaishe ka ba, ya ce sai ya ji amsarka tukuna.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Suwaiba