Jirgin Kotu Ya Wuce Cajual

Porto Sereno, 9 ga Satumba

Zuwa ga matata Jucilene,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aikin wanki a asibiti, ya kuma ciwon bayan nan naki? Ni lafiyata ƙalau, zama ne kawai ya gagare ni.

Na samu saƙonki cewa likita ya sa wa Mama ranar ashirin ga Oktoba don cire mata yanar ido, kuma ba za su taɓa ta ba sai da takardar haihuwa. Kin san ba a taɓa yi mata ba. Alƙali kaɗai ke bayarwa, bayan an ji shaidu biyu da suka san ta tun ƙuruciya, kuma duka biyun suna can Três Bocas tare da ita. Ɗayansu, tsoho Seu Anacleto, ko ƙofar ɗakinsa ba ya iya kaiwa, balle kwana uku a kwalekwale. Dole sai jirgin kotu ya je.

Jirgin kuwa yana nan a ɗaure. Shekara goma sha biyu tsari ɗaya ne: hukumar gari ta ba da jirgi da matuƙi, wato mijinki, hukumar lardi ta ba da man gas da alƙali. Bana lardi ta ce aljihunta ya bushe, gari ya sayi mai. Magajin gari ya ce shi ya gyara inji, ba zai ƙara ko sisi ba. Sun zauna sau uku, kofi kawai suka ƙarar. Kogi kuma kullum ja da baya yake yi. Kowace safiya ina aunawa a ginshiƙin mashigi, daga Lahadi zuwa yau ya sauka taƙi guda. Na wanke jirgin nan har fenti ya fara tashi.

Naki har kullum,
Valdemir

Cikin jirgi, 23 ga Satumba

Jucilene tawa,

Ina gaishe ki, ina fatan bayan ya yi sauƙi. Mun taso, amma ki saurara ki ji yadda aka yi.

Gari da lardi sun shirya a ƙarshe, kowa ya kawo ganga huɗu. Tafiyar kuwa ganga goma sha biyu take ci. Sai suka yanke a fara daga ƙasa kamar kullum, Cajual farko, a yi ta hawa har inda mai ya ƙare. Ƙauyuka bakwai ne, Três Bocas ce ta bakwai.

Na je wurin mai shari'a, Dona Iolanda, na ce mata akwai dabara. Mu haura kai tsaye ba tsayawa, ta gefen gaɓa inda ruwa ba shi da ƙarfi, in mun kai ƙarshe na kashe inji, kogi ya gangaro da mu ƙauye bayan ƙauye. Haka man zai ishi kowa. Ta tambaye ni ko ruwan zai jira mu. Na ce zai kai kwana goma sha biyar. Jucilene, ban sani ba. Na faɗa ne kawai.

Ta kalle ni ta saman tabarau, ta ce, "Kai ne matuƙi, Valdemir. Ni kogi ba ya cikin littafina."

An riga an faɗi tsofaffin ranakun a rediyo. Gari ya ce gyara sanarwa aikin lardi ne, lardi ta ce na gari ne, ba wanda ya gyara. Jiya da hantsi muka wuce Cajual, mutane cike da gaɓa cikin kayan zuwa coci, da takardunsu a leda. Suna ɗaga hannu, ni kuma na kafa idona a gaba. Wani ya kwarmato, "Valdemir, birki ne ya tsinke ko kunya?" Aka yi dariya, don sun ɗauka zan juyo. Tun jiya abinci bai shiga bakina ba.

Mijinki,
Valdemir

Ƙasan Limão, 6 ga Oktoba

Masoyiyata Jucilene,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Mama ta samu takarda. An ɗauko Seu Anacleto a ragar da yake kwanciya har cikin jirgi, ya rantse cewa an haife ta shekarar babbar ambaliya, kuma tun ranar ba ta rufe baki ba. Mama ta ce ya ji da shi, tsoho mai ƙaryar tsiya. Ta dangwala yatsa, ta sa na karanta mata sunanta sau uku. Na fita waje na yi kuka.

Mun gama ƙauyuka biyar. Ranar Laraba, ƙasa da ƙauyen Limão kaɗan, jirgi ya hau yashi ya zauna daram. Mun tura, mun haƙa, mun sauke kaya, ko motsi bai yi ba. Kwanakin mai shari'a suka cika, lardi ta aiko ƙaramin jirgi ya ɗauke ta da littattafanta. Cajual da Barreira sai baɗi. Gari da lardi kuwa yau bakinsu ya zo ɗaya, duk sun ce laifin matuƙi ne, kuma ban musa ba.

Shekaranjiya wata mata ta tuƙo kwalekwale daga Cajual, Dona Creuza. Mijinta ya nutse bara, takardar mutuwarsa take jira don a ba ta haƙƙin 'ya'yansa huɗu. Ta tarar ba kowa sai ni. Na shirya shan zagi, amma sai ta zauna a bakin jirgi ta tambaye ni, "Tsohuwarka dai ta samu?" Na ce ta samu. Ta ce, "To madalla, ko mutum ɗaya ya samu." Ta sha ruwa ta juya. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Mama za ta taho a jirgin 'yan kasuwa, ki tare ta a mashigi ranar Alhamis. Takardar tana cikin rigarta, kada ki ce za ki riƙe mata. Ni ina nan da jirgi har ruwa ya dawo. Idan idonta ya buɗe ta tambayi inda nake, ki ce aiki ya riƙe ni. Kada ki gaya mata zancen Cajual.

Naki,
Valdemir