Abin da Allon Gada Ya Ce

Zango, Damagaram
Ran Litinin

Zuwa ga uwata, Malama Zakiyya, a lakwal ɗin Dakusa.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Mu nan lafiya lau, sai ciwon bayan direbobi, wanda ba ya kashe mutum kuma ba ya barinsa. Innarki tana gaishe ki, tana tambaya ko daddawar ta isa.

Kada ki yi mamakin ganin takarda da ajami alhali ga waya. Magana ce da ba na so ta bi iska, kin san gidan nan kowa kunnensa a tsaye yake.

Kin ji abin da ya same mu a hanyar Najeriya wata biyu da suka wuce, da gada ta karye da kamyo, wato babbar motar Ɗanƙarami. To, tun daga nan kamfanin da muke ɗaukar wa wake zuwa kudu ya kafa doka. Duk direban da zai tsallaka iyaka da kayansu sai ya kawo shaidar yana jin Ingilishi, yana karanta allunan hanya, yana iya amsa wa ma'aikata in sun tsayar da shi. Wanda ba shi da shaida zai zauna jarrabawa gaban wani mai tabarau da za su turo daga Kano. Sandikarmu, ƙungiyar direbobi, ta ce takardar malamin Ingilishi mai hatimin lakwal, wato makaranta, ta wadatar.

Uwata, shekarata talatin da ɗaya a hanyar nan. Kakana madugu ne, ya ja ayarin raƙuma daga Zangon nan har Kano, ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Ni ma madugu ne, kamyo huɗu ke bin bayana. Duk tashar nan wa ke yi wa mutane tafinta a shingen Najeriya in ba ni ba? Yanzu da furfurata a ɗora ni kan benci kamar ɗan aji ɗaya, waɗanda na koya wa riƙon sitiyari suna leƙe ta taga? Allah ya kiyaye.

Ki rubuto layi biyu, ki ce kin gwada ni kin same ni daidai, ki buga hatimi. Ai ba ƙarya ba ce sosai, a bakina kika fara jin Ingilishi. Ran Lahadi ake rufe karɓa. Ki ba direban motar kasuwa ya kawo mini hannu da hannu.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki, Yakuba Madugu.

Kara-Kara, Damagaram
Ran Talata

Zuwa ga ƙanwata Malama Zakiyya.

Gaisuwa da fatan alheri. Ni ne Ɗanƙarami, wanda ya yi ta saɓa ki a kafaɗa zuwa sayen alawa lokacin da nake koyon mota hannun babanki. Ki yi haƙuri da rubutuna, a aji shida na rabu da lakwal, ko ita ta rabu da ni, har yau ba a tantance ba.

Ƙafa ta yi sauƙi. Ina ɗingishi, amma tana taka birki, na gwada a motar maƙwabcina. Matata Balki ta ce ɗingishin ya ƙara mini kwarjini, ni dai na san rarrashi ne.

Ga abin da ya sa na rubuto. Kin san ƙa'idar ayari: na baya ba ya duban allo, bayan motar madugu yake dubawa. In ya tsaya mu tsaya, in ya wuce mu wuce. Ran nan da hantsi mun iso gadar, na ga wani babban allo rawaya da jan rubutu. Madugu ya rage gudu, ya duba, ya hau. Na bi shi. Shi ya tsallake, ni gada ta buɗe baki ta haɗiye ni da buhu ɗari shida na wake.

Da mutanen kamfani suka zo, Madugu ya ce musu allon cewa ya yi a hau ɗaya bayan ɗaya, a bar tazara, ni ne na matse shi. Ban yi musu ba, don ban san abin da allon ya ce ba. Laifi ya hau kaina. Ran Lahadi sandika za ta zauna, kuma an faɗa mini za a cire sunana daga direbobin manyan motoci. Malama, ba ni da wata sana'a. Ko gona ba ni da ita.

Mamman, da ke tuƙa kamyon ƙarshe, ya ɗauki hoton allon da wayarsa a ranar, na sa an wanke mini. Ga shi cikin takardar nan. Unguwar nan akwai masu jin Ingilishi, amma ban nuna wa kowa ba. In abin da ke ciki ya taɓa Madugu, gara ya tsaya a gida. Ki karanta mini don Allah. In ni ne na yi ganganci, in sani in yi shiru.

Ki gaida maigida da yara.
Yayanki, Ɗanƙarami.

Dakusa
Ran Alhamis

Zuwa ga Baba.

Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Inna, daddawa ta iso, mun gode. Yara suna lafiya, suna tambayar yaushe Kaka zai kawo musu rake.

Baba, na samu takardarka. Washegari kuma na samu ta Yaya Ɗanƙarami, da hoton allon gadar a ciki. Gara in faɗa maka a rubuce, don a gabanka bakina ba zai buɗu ba. Allon cewa ya yi gadar ta raunana, an hana manyan motoci hawa, su bi hanyar hagu. Babu maganar ɗaya bayan ɗaya. Babu maganar tazara.

Akwai abin da na daɗe ina ɓoye maka. Ka tuna jaridar da ka zo da ita daga Kano ina shekara bakwai, wadda aka naɗe sabulu a ciki? Bayan la'asar kakan zauna kan tabarma, ka buɗe ta, ka bi layi da yatsa, ka karanta mini labarin falken da jakinsa ya gudu ya shiga jirgin ƙasa. Ina dariya har ina birgima. Duk yaran unguwa na faɗa musu babana yana karanta Ingilishi. Na ɓoye jaridar cikin akwatin Inna, na ce in na girma zan karanta da kaina.

A shekarata ta biyu a kwaleji na ɗauko ta. Babu falke, babu jaki. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka, ban san ko kai nake jin wa kunya ba ko kaina da na yi ta alfahari. Da ka dawo daga tafiya na kawo maka ruwa, na kasa duban fuskarka, ka ɗauka zazzaɓi nake yi. Ban faɗa wa kowa ba har yau, ko Inna. Jaridar tana nan wurina, kuma saboda ita na zama malamar Ingilishi.

Ba zan nuna maka ni mai tsarki ba ce. Jiya na rubuta layi biyun nan, na ɗauko hatimi, har na shafa masa tawada. Sai na ga hoton a gefen tebur. In na buga, Baba, za ka koma gaban kamyo huɗu, kuma akwai wani allon a gaba. Na yaga takardar. Kwana biyu ke nan kuma ban amsa wa mutumin da ya saɓa ni a kafaɗa ba, ina ta cewa zan rubuta gobe. Wannan ma abin kunya ne, kuma nawa ne.

Ka gafarce ni, ba zan iya aiko da shaidar ba. Ina roƙonka ka faɗa wa sandika gaskiya da bakinka kafin a cire sunansa.

'Yarka mai biyayya, Zakiyya.

Zango
Ran Juma'a

Uwata,

Gaisuwa. Takardarki ta iso bayan an sauko daga masallaci. Na karanta sau uku. Karon farko na yi fushi, na ce ɗan da ka haifa ya haife ka, wai ni za a yi wa wa'azi. Karo na biyu na kasa cin abinci, har Innarki ta tambaya ko miyar ce. Na uku ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun kina kwaleji kin sani? Ni kuwa ina ta baza riga a gabanki, ina jefa miki kalmomi kina cewa na iya. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

To, ga gaskiyar. Ingilishina bai wuce kalma ashirin ba, su ma a bakin masu shayi na tsince su. A shinge da Hausa da dariya da goro nake wucewa. In ma'aikaci ya yi dogon bayani sai in gyaɗa kai, in dawo in faɗa wa mutanena abin da na ga ya dace. Hanya kuwa ba da allo na san ta ba. Na san ta da kukoki da kwane-kwane da inda kwalta ke canza ƙara. Shekara talatin hakan bai taɓa ba ni kunya ba, sai na ɗauka ilimi ne.

Ran nan na ga allon sarai. Na san sabo ne, na san jan rubutu ba ya zuwa da alheri. Ga mai sayar da shayi zaune a gindin bishiya, taku goma. Zuciyata ta ce tsaya ka tambaya. Sai na duba madubi na ga kamyo huɗu a jere suna jirana, na ce in na sauka na tambayi mai shayi, me zan zama a idonsu? Gadar da na hau sau ɗari. Na hau. A madubin nan dai na ga kan motar Ɗanƙarami ya nutse.

Da aka tambaye ni me allon ya ce, yana kwance ana ɗaure masa ƙafa da rawani, ƙaryar ta fito da kanta kamar ta daɗe tana jira. Yaron da na koya wa mota, wanda na tsaya masa a aurensa. Sau biyu na je duba shi, ban iya wuce zaure ba.

Amma uwata, ba zan iya tsayawa gaban sandika ba. Mutum sittin, rabinsu ni na raine su. Ki bar ni in sauka shiru, in ce idona ne ya yi rauni. Ba zan ƙara ja gaba ba, na yi miki alkawari. Shi kuwa ki ce masa hoton ya dushe, ba ya karantuwa. Daga baya zan nema masa ƙaramar mota a wani wuri. Rufin asirin uba ai yana kan 'ya.

Mahaifinki.

Dakusa
Ran Asabar

Zuwa ga Yaya Ɗanƙarami.

Ina gaishe ka, ina gaida Balki, Allah ya ƙara sauƙi. Ka yafe mini jinkirin amsa, ba aiki ne ya hana ni ba, nauyin baki ne.

Hoton bai dushe ba, ga shi na mayar maka cikin takardar nan. Na karanta kowace kalma. Ina roƙonka alfarma ɗaya: ka je zaman sandika gobe, ka zauna, kada ka ce kome. Akwai wanda ya fi ni cancantar ya faɗa maka abin da ke jikin allon. Zan shigo motar farko in tsaya a bakin tasha. In aka kira azahar bai faɗa ba, zan shigo in karanta da kaina a gaban kowa, ko da daga ranar ba zan ƙara iya shiga gidanmu ba.

Na kwafe wannan takarda da ajami na aika wa Baba.

Ƙanwarka, Zakiyya.

Zango
Ran Litinin

Uwata,

Gaisuwa da sa albarka. An ce mini kin tsaya a bakin tasha cikin rana, kin juya da motar azahar ba ki shigo gida ba. Na san dalili, ni ma da ban iya duban idonki ba.

Ga abin da ba ki gani ba. Na karɓi hoton daga hannun Ɗanƙarami, na ɗaga shi sama, na ce, “Jama'a, wannan allon ban san abin da ya ce ba. Ran nan ban sani ba, yau ma sai da 'yata ta faɗa mini.” Na faɗi sauran duka. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi.

An bar masa sunansa. Ni an sauke ni daga madugu, ba zan tsallaka iyaka ba sai na ci jarrabawar mai tabarau.

Da aka watse ya ɗingiso ya same ni. Na zaci zagi ne. Sai ya ce, “Madugu, mu huɗun nan ma ba wanda ya iya karantawa. Da ka sauka ka tambayi mai shayin, da tare za mu sauka mu sha shayi.” Wannan maganar ta fi mini zaman sandikar ciwo.

In an yi hutu ki zo gida ki koya mana karatu. Na sa an gyara benci a zaure, mu bakwai ne, ni ne babba kuma ni ne na baya. Ki taho da jaridar nan. Shekara ashirin da biyar ina son in san abin da ke cikinta.

Mahaifinki, Yakuba.