Wanda Ya Rubuta Labarin Kacala

Haɗeja,
14 ga Oktoba.

Zuwa ga 'yata Umaima,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya a Zariya, Allah Ya ƙara basira. Mu nan sai godiya. Kogi ya fara ja da baya, shinkafar Auyo ta yi kyau bana. Gwaggonki Huseina ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma faɗanta da ta saba.

Yayanki Gambo ya nuna mini hoton tsohuwar jaridar da kika turo, mai labarin yadda ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa ta cinye gonakin mutane. Kin ce malamin da ke duba kundin digirinki ya ce tunda babu sunan marubuci, ko ki san yadda za ki kawo shi a manazarta, ko ki cire shi, alhali a kansa babinki na biyu ya dogara. Kwantar da hankalinki, ban yi shekara talatin ina cin alli a aji a banza ba. Inda sunan marubuci zai zauna, ki sa kanun labarin, sai sunan jaridar, kwanan wata da lambar shafi. Kada ki ƙirƙiri suna, kada kuma ki ce "wani masani", wannan wayon 'yan makaranta mun san shi.

Abin da ya hana ni faɗa miki ta waya kuwa, na san wanda ya rubuta. Mahaifinki ne, marigayi Gwadabe. Lokacin yana ƙaramin malamin gona, ke kina goye. Sati biyu ya yi yana bin ƙauyuka a kwale-kwale, yana duba gonakin da suka mutu. Ya ce mini in sunansa ya fito zai iya rasa aikinsa, in ya yi shiru kuma ba zai iya haɗa ido da manoman ba. Ni na kai ambulan ɗin gidan waya da hannuna. Wallahi da na ga hoton nan sai da na yi hawaye.

Ki gaida Ummussalma da maigidanta da kike zaune wurinsu. Huseina da Gambo suna gaishe ki. A manazarta ki bar labarin yadda jarida ta buga, don maganata ba hujja ba ce wurin malaminki. Amma akwai shafin sadaukarwa a farkon kundi, can babu mai tambayar ki hujja. Ki rubuta sunan mahaifinki cikakke. Shekara ashirin da uku ina riƙe da shi a baki, ya isa haka.

Baffanki,
Yunusa